Rigar Mutanen Kan Ruwa

"Mama, wai da can buhu Kaka take sakawa?"

Tsinke ce ta jefo tambayar daga bakin shago, jakar makaranta na bayanta, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Uwarta na durƙushe da fil uku a baki tana kama wa matar mai kemis ƙasan riga. Matar mai kemis kuwa, wadda kunnenta ba ya barin magana ta wuce, sai ta waigo da rigar da komai har fil ɗaya ya soke ta. Can ƙurya, kusa da ƙofar da ke shiga cikin gida, Kaka na zaune a kan tabarma tana farke wani ɗinki da ya karkace. Hannunta ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Maman Tsinke ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa yarinyar ta shiga ta cire kayan makaranta ta ci abinci, mutum ba ya shigo wa manya da zance a tsaye. Muryarta lafiya lau ta fita. Ta koma kan ƙasan rigar ba tare da ta dubi Kaka ba.

Ita da kanta ta zaɓar wa 'yarta wannan makaranta. Ƙaramar sakandare ce da ta ɗora karatunta gaba ɗaya a kan al'adun mutanen duniya. Kowane zango akwai yankin da ake ɗauka, kuma lissafi da tarihi da zane duk a kansa suke tafiya. Tun da Tsinke ta shiga aji ɗaya gidan bai huta ba. Yau ta zo da labarin mutanen da ke gina ɗaki da ƙanƙara, gobe na waɗanda ke noma a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, jibi ta tsare babanta, shi da ya dawo daga gyaran wayoyin lantarki a gajiye, sai ya koyi ƙirga da gaɓoɓin yatsu. Uwar tana jin daɗin wannan ƙwarai. Ita karatunta bai yi nisa ba, ta haifi Tsinke tana da shekara goma sha tara, kuma ta ƙudura a ranta yarinyar nan za ta san duniya ta wuce layinsu.

A ƙarshen shekara 'yan aji ɗaya kan hau dandamali, kowane rukuni da suturar mutanen da ya karanta. Bana Malamar darasin ta kawo wa Maman Tsinke aikin ɗinkin, kala goma sha uku, tare da littafin da aka ninke kunnen shafukan da za ta duba. Takwas ta gama, suna rataye a bango cikin leda. Tsarin aikinta ke nan: ba ta buɗe hoto na gaba sai ta yi wa na hannunta guga, don kada fasali ya shiga cikin fasali. Shi ya sa ba ta kai ga na tara ba.

Matar mai kemis na fita ta jawo littafin. Hoton wata mata ce tsaye kusa da jirgin ruwa da aka kife a bakin gaɓa. Buhu ne a jikinta, an huda masa wuya da hannuwa, ta ɗaure ƙugu da igiya, hannuwanta baƙi ƙirin har gwiwa. A ƙasa an rubuta cewa waɗannan su ne mutanen kan ruwa, a jirgi ake haifarsu, a jirgi suke tsufa, kuma wannan ita ce suturarsu. A gefe Malama ta ƙara da fensir: buhu ɗaya, a yayyaga bakinsa, a goga masa gawayi.

Da aka zauna cin abinci ne sauran labarin ya fito. A gwangwani aka zuba takardu kowa ya ɗauka, Tsinke ta ɗauko mutanen kan ruwa. Aji ya kwashe da dariya, wata mai zama a bayanta ta ce Tsinke ta huta, nata kayan ba ya buƙatar guga. Ita kuma ta tuna wata rana da take zura wa Kaka zare a allura, tsohuwar ta ce idonta ya mutu ne saboda hasken rana a kan ruwa, don a jirgi aka haife ta. Abin da ta sani ke nan, sai ta haɗa shi da hoton.

Ba laifin yarinya ba ne da ba ta san fiye da haka ba. Maman Tsinke ma a jirgi aka haife ta. Tana da shekara shida mahaifinta ya rasu, Inna, wato Kakar Tsinke, ta sayar da jirgin suka hau tudu. A makarantar da aka sa ta, mai ƙarnin kifi suke ce mata, in ta zauna a benci sai a matsa. Ta sha dirje hannuwanta da lemun tsami har su yi ja, alhali rabonta da taɓa kifi an yi shekara. Ranar da ta haifi 'yarta ta roƙi Inna abu guda: kada a yi wa yarinyar nan zancen ruwa. Inna ta dube ta, ta ce to. Shekara goma sha biyu ba ta saɓa ba, in ban da wannan suɓutar baki ta wurin allura.

Washegari da safe abin ya fara nuna kansa. Kullum Kaka ce ke raka Tsinke bakin titi ta tsallakar da ita, suna tafe suna tsiya, wannan ta ce tsohuwa mai tafiyar agwagwa, waccan ta ce siririya iska za ta ɗauke ki in ban riƙe ki ba. Ranar nan Kaka ta sa takalmanta ta ɗauko mayafi, sai Tsinke ta ce ba sai an raka ta ba, ai ta girma. Ba ta kalli tsohuwar ba da ta faɗa. Kaka ta ce madalla, dama ƙafarta na ciwo, ta koma ta zauna ta cire takalman ta jera su a gefe.

Uwar na tsaye da dutsen guga a hannu ta ga komai. Ta san wannan kallon ƙasa da 'yarta ta yi, don ita ma ta taɓa yin sa. Ta ɓoye asali ne don kada a ci mutuncin yarinya, ga shi yanzu yarinya ta fara jin kunyar kakarta a kan hoto guda. Ta kashe dutsen gugar, ta ɗauki littafin, ta je ta durƙusa gaban uwarta ta buɗe mata shafin.

Inna ta kai littafin nesa, ta dawo da shi kusa, ta ƙanƙance ido. Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ba ta ruwa.

"Wannan ai ranar kwalta ce," in ji ta. "Sau ɗaya a shekara ake kife jirgi a shafe masa ciki don kada ya sha ruwa. Wace mahaukaciya ce za ta sa rigarta ta kirki ta kama kwalta? Buhu ake hudawa a zura, in an gama a ƙone shi. Baiwar Allah, an ɗauke ta hoto tana tsakiyar aiki." Ta sa ɗan yatsa a saman hoton, bayan jirgin. "Ga rigarta can a kan sanda, ta cire ta rataye."

Maman Tsinke ta ɗauki shafin da wayarta ta buɗa hoton da yatsu biyu. Abin da ta ɗauka tsumma ne ko tuta, ashe riga ce, shuɗiya, an shanya ta da hannuwa a buɗe. Idon tela ba ya ɓata a kan wannan. Har kafaɗar tana iya gani.

Ta ɗauko alli da takardar yanka ta ce Inna ta faɗa mata yadda rigar take. Da fari tsohuwar ta noƙe, ta ce ba ke kika ce a bar zancen ba. 'Yar ta ce ita ce, kuma ta yi kuskure. Daga nan bakin Inna ya buɗe, shekara goma sha biyu na shiru suka zubo a kan teburin yanka. Rigar ba ta da maɓalli ko ɗaya, ba ta da ƙugiya, domin duk abin da ya fito a jikin tufa tarun kamun kifi zai kama, taru kuwa in ya kama mutum ruwa yake kai shi. A gefe ake ɗaure ta da igiyar yadi, ɗaurin da ja ɗaya ke kwance shi, saboda in mace ta faɗa ruwa ta fice daga rigar kafin ta yi mata nauyi. Aljihu daga ciki yake, can sama a ƙirji, inda ruwa ba ya kaiwa in an shiga har ƙugu. Hannu iya gwiwa. Kafaɗar dama ninki uku ake yi mata, nan igiya ke bi in ana jan jirgi. In ta yara ce kuma, akwai wani maɗauki mai kauri a baya, tsakanin kafaɗu, da ake ɗinke shi da hannu da zare ninki huɗu.

Maman Tsinke ta tsaya da allin a sama. Ta tuna wani sanyi da ya taɓa rufe mata fuska, da wani abu da ya fizge ta ta baya ya ɗaga ta sama tana tari. Ba ta tambaya ba, ta zana maɗaukin.

Da azahar ta rufe shago ta tafi makaranta. Ta sami Malama a ɗakin malamai ita kaɗai, an kewaye ta da kwalaye da gam da taswirar duniya da yara suka cika da fil masu launi. Yarinya ce ita ma, ba za ta girmi Maman Tsinke ba, kuma kowa ya san tana kashe kanta a kan darasin nan. Maman Tsinke ta gaishe ta da kyau, ta zauna, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba: ba za ta ɗinka na tara yadda aka rubuta ba, kuma ga dalili. Ta miƙa mata wayar.

Malama ta daɗe tana kallon rigar da ke kan sanda. Ta ce shekara uku ke nan tana koyar da shafin nan, yara uku sun hau dandamali da buhu, ba ta taɓa lura ba. Amma manhajar ba ita ta rubuta ba. Ranar taron akwai masu dubawa da za su zo da littafin a hannu, suna gwada kayan kowane yaro da hoton, maki goma ne a kan wannan kaɗai. Sai ta kawo mafita, da zuciya ɗaya ta kawo ta: a sauya wa Tsinke takarda, a ba ta mutanen ƙanƙara, wani yaron ya ɗauki na tara.

Maman Tsinke ta ji maganar ta kwanta mata. Rigar mutanen ƙanƙara tana rataye a shago, fara tas, da hula mai gashi, yarinyar za ta yi kyau a ciki, kowa ya koma gida lafiya. Sai ta hango ranar: wani yaro ya fito da buhu, zaure ya ɗauki dariya, Tsinke na gefe cikin farar riga, ko ta taya su ko ta sunkuyar da kai, Inna kuma na zaune a cikin mutane. Ta ce a'a, ta gode, a bar wa 'yarta takardarta.

Malama ta sake tunani, fuskarta ta washe. Ta ce to me zai hana a kawo Kaka da kanta, a sa mata kujera a kan dandamali, yara su ga mutumin kan ruwa na gaske.

"Malama, Innata ba hoto ba ce," in ji Maman Tsinke a hankali. "In yara na da tambaya, su zo su gaishe ta su tambaye ta kamar yadda ake tambayar babba. Amma ba za a ɗora ta a sama ana nuna ta da yatsa ba."

Malama ta ba da haƙuri, da gaske kunya ta kama ta. Suka tafi ofishin shugaban makaranta tare. Shi kuma ya saurare su da kyau, ya kalli wayar, ya jinjina kai, ya ce zai rubuta wa masu littafin. Amma a bana ƙa'ida ƙa'ida ce, shi ba zai hana yarinya sa abin da uwarta ta ɗinka ba, kuma ba zai iya sa masu dubawa su ba da makin da hoto bai ba da ba.

Nan ne wurin ya yi tsauri, domin Tsinke 'yar maki ce. Zango biyu tana zuwa ta biyu, ta rantse wannan zangon sai ta ɗaya, har ta rubuta a bangon littafinta. Uwar ba ta ɓoye mata komai ba. Ta zaunar da ita a kan bencin shago ta faɗa mata inda aka haifi Kaka, da inda aka haifi ita kanta, da sunan da aka riƙa kiranta a makaranta, da maki goman. Ta ce za ta ɗinka rigar ko ta sa ko ba ta sa ba. Buhu ma ga shi nan a ƙarƙashin tebur, ta huda shi yadda Malama ta ce. Ranar taro ita za ta zaɓa, ba mai yi mata faɗa. Tsinke ta ce me ya sa ba a taɓa gaya mata ba. Uwar ta ce tsoro ne, ba wani abu ba. Yarinyar ta tashi ta shige ciki, kwana biyu ba ta cika magana ba.

Aka sayo shuɗin yadi mai kauri. Inna ta tashi daga tabarmarta ta dawo kan kujera kusa da keke, ta zama ita ce mai shago. Wannan ɗinki ya yi faɗi, a farke. Wannan aljihu ya yi ƙasa, so kike ashana ta jiƙe? Maman Tsinke da ke ɗinka wa matan manya kayan fita ta koma 'yar koyo, sau uku tana farke kafaɗa ɗaya. Maɗaukin kuwa Inna ta ce keke ba zai taɓa shi ba, ita za ta yi da hannunta, sai dai a zura mata zare. Ba wanda ya kira Tsinke. Ita ce ta fito daga bayan labule, inda ta daɗe tana leƙe, ta karɓi allurar ta zura.

Da aka zo gwaji ta tsaya gaban madubi tana juyawa, ta kai hannu baya ta taɓa maɗaukin ta ce wannan na mene ne, na rataye riga a ƙusa? Kaka ta matso bayanta. Ta sa yatsu biyu a ciki ta ɗaga, sai ga Tsinke a kan 'yan yatsun ƙafa tana wutsil-wutsil tana ihu a sauke ta.

"Na rataye ɗa ne," in ji Kaka. "Uwarki sau biyu ina tsamo ta da shi. Ita ko nauyi gare ta, ke ai da ɗan yatsa ɗaya ma na gama da ke."

Tsinke ta dubi uwarta ta madubi, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce a nuna mata ɗaurin da ja ɗaya ke kwancewa. Sai da ta yi shi sau goma.

Ranar taro zauren makaranta ya cika da iyaye, fanka na kaɗa zafi. Maman Tsinke ta sa rigar da buhun duka a leda ɗaya ta miƙa wa 'yarta a bakin ƙofa, ta je ta zauna tsakanin mijinta da Inna. Rukuni takwas suka wuce, ba ta ga ko ɗaya ba, ita da ta ɗinka su. Da aka kira na tara sai ta gyara zama.

Tsinke ta fito cikin shuɗiyar riga, buhun a ninke a kan hannunta. Ta ɗaga buhun ta ce wannan kayan aiki ne, na ranar shafa wa jirgi kwalta, kamar yadda babanta ke da rigar hawa falwaya, kuma ba da ita yake zuwa taro ba. Ta ajiye shi. Ta nuna aljihu, ta nuna kafaɗa, ta juya ta nuna maɗauki ta faɗi amfaninsa. Ta ja igiyar gefe sau ɗaya rigar ta buɗe, kayan makarantarta na ciki, zauren ya yi wata 'yar ƙara ta mamaki. Masu dubawa biyu suka kalli littafi, suka kalle ta, suka yi rubutu.

Maki goman sun tafi. Ta huɗu ta zo a zangon, ta yi kukanta a bayan gida ta wanke fuska. Malama ta bi littattafan ajin guda talatin da biyu ta manna 'yar takarda a ƙarƙashin hoton da rubutun hannunta. Wasiƙar shugaban makaranta kuwa har yau ba a amsa ba.

Amma abin da Maman Tsinke ta riƙe ya faru ne tun kafin a tashi daga zauren. Ana cikin turereniyar fita sai ga Tsinke ta ratso mutane, ta riƙo hannun yarinyar nan mai zama a bayanta, mai zancen guga, ta kawo ta gaban Inna.

"Ga kakata, a jirgi aka haife ta," ta ce. "Ki gaishe ta tukuna, sannan ki yi tambayarki."

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta. Tambayarta ita ce ko mutum na yin amai in ya kwana a jirgi. Inna ta ce ita dai a mota take yi.

Da aka dawo da kayan shago don a wanke a ajiye wa 'yan baɗi, Maman Tsinke ta tsaya tana kallon sauran goma sha biyun. Duk daga hoto ta yanka su, ba ta tambayi kowa ba. Wa ya san ranar da aka ɗauki waɗannan mutanen, ko suna aiki ne, ko makoki, ko wasa? Ta rubuta tambayar a takarda ta maƙala a jikin kowace leda, don Malama ta gani.

Ke 'yar'uwa mai ɗa a makaranta, da kai uban yara, kada ku jira ƙarshen shekara. Ranar da aka raba littattafai ku zauna ku buɗe su shafi-shafi, ku dubi hotunan da kyau har bayan hoton. In kuma akwai abin da kuka rufe game da mutanenku don ku kare yaro, ku faɗa masa da bakinku tun yanzu. In kun yi shiru, wani baƙo da ya tsaya minti biyar da kyamara a wurin da bai sani ba shi zai faɗa masa, kuma yaron zai yarda da shi.